Makullan da Na Kai Gondar

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna wajen mai shayi a bakin tasha sai an tambaye ni, in na fito masallaci sai an tambaye ni. Wasu sun ce asibiti na je a ɓoye, wasu sun ce aure na je nema a Habasha. Bakina ya gaji, kuma ni ba mai son maimaita magana ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya. Karatuna bai wuce allo da aji huɗu ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Haruna da ake ce ma Mudir, wato manaja, mai injinan ban ruwa a bakin kogi kudu da Mai Wurno. Babanmu ya bar mana inji ɗaya, yanzu uku ne, da lori guda, da ma'aikata goma sha bakwai. Muna ba gonakin ayabar mutane ruwa, muna da tamu gonar, muna kai ayaba Sinnar da Madani. Ni ne babba, komi a hannuna yake. Ƙanena Sanda shi ke tsaye kan injinan. In inji ya yi tari daga nesa, Sanda ya san abin da ke damunsa. Ni ban iya wannan ba, kuma ban taɓa faɗa masa ba.

Wata rana bayan la'asar ya same ni ƙarƙashin darbejiya ya ce, "Yaya, in anka sare ayabar ga, ni zan tahi wurin haƙar zinari."

Na ce, "Mi anka yi maka?"

Ya ce, "Ba a yi mani komi ba. Ba a kuma ba ni komi in yi ba."

Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Ya bari na gama, ya ɗauki takalmansa ya tafi. Na san Sanda. In ya faɗi abu sau ɗaya a hankali, ya riga ya ɗaure kayansa. In kuwa ya tafi, injinan nan ba su kai damina biyu, kuma ɗan uwa ɗaya gare ni a duniya.

Ranar muna da baƙo, Haji Nuru, Bahabashe musulmi ɗan kasuwa da na sani a Gadarif shekaru da yawa. Ya ji komi. Da Sanda ya fita sai ya ce mani shi ma haka ya yi da 'ya'yansa har biyu sunka bar shi. Ya ce akwai wata dattijuwa a garinsu Gondar, ta daɗe tana shugabantar wani kamfanin riɗi kafin ta ajiye aiki, yanzu sana'arta ita ce ta zauna da masu kamfani, mutum ɗaya ɗaya, tana duba yadda yake tafiyar da mutanensa. Ta yi zaman Gadarif a da, tana jin Larabci irin namu.

Na ce, "Mace za ta koya mani ban ruwa?"

Ya ce, "Ba ta san ban ruwa ba. Ka zo dai. In ba ka samu komi ba ka sha iska, ka ba ma'aikatanka hutu daga muryarka."

Ban san abin da ya sa na yarda ba. Ina jin gajiya ce.

Kafin in tashi na auna wa Sanda man inji na kwana goma sha biyu, na fitar masa da shi waje, na rufe mahzan, wato ɗakin ajiyarmu, inda bututu da bel da sauran kayan gyara suke. Na jefa makullan a aljihun jallabiya. Guda goma sha ɗaya ne a zoben waya, kuma ban taɓa kwana ba su kusa da ni ba. Sanda na tsaye yana kallo. Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Hafla, ƙaramar motar haya, ta kai ni Sinnar, daga can bas zuwa Madani, daga Madani zuwa Gadarif. Wanda ke gefena makanikin injin sussuka ne, mai ƙiba, yana bin kakar riɗi. Duk ramin da munka faɗa sai ya zabura. Can ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wuƙa ce a aljihunka?" Na fito da makullan na nuna masa. Ya juya su a hannu ya ce shi shekara ashirin yana aiki, makulli ɗaya gare shi, na akwatin kayan aiki, shi ma ya ɓace bara kuma ba abin da ya ragu. Na ce shi ya sa yake bin kaka a bas ɗin haya. Bai ƙara yi mani magana ba har Gadarif, ni ma na ji ba daɗi, don ya ba ni rabin gyaɗarsa kafin nan.

A Gadarif na sauka wata lokanda, masaukin baƙi kusa da kasuwa, irin mai gadajen igiya jere a tsakar gida. Da safe na ci ful, dafaffen wakenmu, da man riɗi wanda ya fi na Sinnar, gaskiya ce ko da ba a so. Daga nan ƙaramar mota zuwa Gallabat. A hanya taya ta fashe. Duk fasinja sunka koma inuwa, ni na tsaya kan direba ina gaya masa inda zai sa jak, da wace kusa zai fara kwancewa. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙo mani sifana ya ce, "Tafaddal, bismilla, ya hajj." Na karɓa don kunya. Kusa ɗaya ban iya motsawa ba. Ya karɓe abinsa ya gama cikin ɗan lokaci, mata na dariya a cikin mayafi.

Iyakar ba wani abu ba ce, gada ce kan ɗan rafi, wannan gefe Gallabat, wancan gefe Matamma. Jakuna da amalanke suna wucewa kamar ba ƙasa biyu ba. An duba takarduna, an buga hatimi. A gefen Habasha wani jami'i ya ce in fito da abin da ke aljihuna. Da ya ga zoben sai ya kira abokinsa, sunka yi magana da yarensu sunka yi dariya, sannan ya tambaye ni da Larabci ko gidan yari nake gadi. Na ce gona ce. Ya ce to wa ke buɗe gonar yau? Na ce ba ruwansa. Ya mayar mani da su da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri.

Matamma zafi gare ta irin namu, har na ce ashe Habashar ke nan. Da mota ta fara hawan duwatsu na gane kurena. Kunnuwana sunka toshe, hanya tana lanƙwasa, in ka leƙa taga ba ka ganin ƙasa. Mu mutanen fili ne, tudun da ya fi tsawo a garinmu shi ne bakin kogi. Ga sanyi, ni kuwa daga ni sai jallabiya. Wata tsohuwa Kirista da ke gefena ta ga ina rawar ɗari, ta warware farin mayafinta mai kauri ta yafa mani rabi. Ba mu jin yaren juna. Duk lanƙwasar da direba ya sha, ita tana yin alamar addininta a ƙirji, ni ina jan carbi, kuma na lura tare muke ƙara sauri. Da munka isa Gondar ta dafa kafaɗata ta faɗi wani abu mai tsawo. Na ce amin.

Haji Nuru ya sauke ni gidansa. Abincinsu injera, 'yar uwar kisrarmu ce, wainar dawar nan mai faɗi, sai dai ta fi kauri da tsami, kuma ita ce faranti ita ce cokali. Nama kuwa ba a saye ko'ina, mahautan musulmi daban, na Kirista daban, kowa ya san nasa ba faɗa. Kofi suna sha da turare kamar jabana, kofinmu na gida, amma ba citta, kuma sai an zagaya sau uku. Haji Nuru ya ce mani kogin da muke ja a Mai Wurno daga tafkinsu yake fitowa, can kudu da garin. Na ce to su riƙa sakin mana da yawa.

Muna cikin ci sai na ga ya naɗe loma babba ya nufo bakina da ita. Na riƙe masa hannu. Na ce, "Haji, ina da hannu." Ya ce wannan gursha ce, haka suke girmama wanda suke so, kuma ba a mayar da ita. Na ce a garinmu jariri da majinyaci ake ba abinci a baki. Ya ajiye lomar a gefen tire bai ci ba. Har anka ɗauke tiren tana nan.

Dattijuwar sunanta Waizaro Almaz. Waizaro kamar a ce uwargida ne a wajensu. An ce in je ƙarfe uku. Na je ƙarfe uku bayan azahar, na tarar ta jira ni tun hantsi, don su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ukunsu shi ne taranmu na safe. Na ce agogonsu ne ba daidai ba. Ta ce, "Mun fara ke nan. Zauna, ya Mudir."

Na zaci zan ga aji da allo da mutane. Ɗaki ne ƙarami, kujera biyu, tebur, da butar kofi. Gajeruwa ce mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Ta ce abin da na faɗa a ɗakin nan ba ya fita, ko Haji Nuru ba zai ji ba. Sannan ta ce in ba ta labarin mutanena. Na yi kusan awa biyu ina magana. Direba malalaci, masu gadi barci, wane ba ya jin magana, Sanda taurin kai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Mutum goma sha bakwai, ba mai amfani ko ɗaya. Wa ya ɗauke su aiki?"

Na ce ni.

Ta ce, "To gobe ƙarfe uku. Namu."

Na fita raina a ɓace. Amma a hanya na lura da abu guda. Rabon da wani ya zauna ya saurare ni awa biyu, ba yana jiran in ba shi umarni ko in ba shi wani abu ba, na manta. Wanda ke sama ba ya da wanda zai gaya wa. Ma'aikaci ba zai ce maka ka yi kuskure ba, matarka tana gudun ɓacin ranka, abokan shayi kuwa gobe labarinka ya kai garin Sinja.

Rana ta biyu ta ce in faɗa mata yinina tun daga asuba, kar in tsallake komi. Ta ajiye kwanon ɗanyen kofi kusa da ita. Duk inda na zo wurin da wani ke tsaye yana jirana, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ajiye a tebur. Mai tada inji yana jiran in buɗe mai. Direba yana jiran in ce Sinnar ko Madani. Manomi yana jiran in ce a buɗe masa ruwa, ko da ranarsa ce. Sanda yana jiran in fito da bel. Kafin in kai azahar tebur ya yi tsibi. Ta ce, "Kana cewa ka gaji. Su ma sun gaji. Kai da gudu, su da tsayuwa."

Na ce in na sake su za su ɓata. Ta ce za su ɓata wani abu, tabbas. Ta ce ita ma da ta fara sakin mutanenta an ɓata mata mota guda ta riɗi, ta yi mako ba ta gaida kowa ba. Wannan ya sa na fara jin maganarta, don ba ta nuna mani ita waliyyiya ce ba.

Rana ta uku da safe wayar Haji Nuru ta yi ƙara, don tawa ta daina aiki tun Matamma. Sanda ne. Ya ce ruwan kogi ya ja baya, bakin bututun babban inji yana sama yana shan iska, yau kwana biyu. Bututun ƙari suna cikin mahzan. Na taɓa aljihuna. Duk wanda ya san ayaba ya san ba ta haƙurin ƙishi, kuma ba tawa kaɗai ba ce, ta mutane ce da sunka dogara da ni. Na fara ihu, kwana biyu kana zaune, ba ka da kai ne? Ya ce, "Kai na gare ni, Yaya. Makulli ne ba ni da." Ya kashe.

Na je wurin Waizaro don in yi mata sallama in kama hanya. Ta ce ko yanzu na tashi kwana nawa zan yi? Na ce biyu, in an yi sa'a. Ta ce to zauna ka sha kofi, ayabar ba ta san kana gudu ba. Ta ce in ɗora makullan a tebur. Na ɗora. Ta sa tabarau ta dube su.

Ta ce, "Shekararka nawa babanka ya ba ka waɗannan?"

Na ce, "Bai ba ni ba."

"To yaya anka yi?"

Na ce bayan mun dawo daga binne shi na ɗaga matashinsa na ɗauka. Ina da shekara arba'in lokacin, da 'ya'ya biyar, kuma har ranar da ya kwanta ciwo sai na je na tsaya a ƙofarsa kafin a ba ni man inji. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Na gaya mata har da abin da ya fi muni, cewa da na ji nauyinsu a hannuna ranar, a cikin baƙin cikin akwai wani abu kamar sauƙi, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kansa.

Ta cire tabarau. Sannan ta ce, "Sanda shekararsa nawa?"

Na ce arba'in da ɗaya.

Ta ce, "To hanya biyu ka bar masa. Ko ya jira matashinka, ko ya tafi. Ina ganin yana sonka, shi ya sa ya zaɓi tafiya."

Ni ba mai kuka ba ne, kuma ban yi ba. Amma na daɗe ina kallon bango.

Ta ce in kira shi a gabanta. Sharaɗi ɗaya, in yi tambaya guda, sannan in ɗauki kofi in riƙe a bakina, kar in ce uffan sai ya gama. Na ce wannan wasan yara ne. Ta ce to yi wasan. Na kira. Na ce, "Sanda, kai mi ka gani za a yi?" Na kai kofi baki.

Shiru ya yi tsawo har na zaci layi ya yanke. Na buɗe baki, ta ɗaga yatsa. Can ya ce, "Ni kaka tambaya?" Na ce eh. Ya ce ƙarin bututu kaɗai ba zai yi ba, don ruwan zai ƙara ja. A sauko da ƙaramin inji kan tudun yashi na ƙasa ya riƙa tura wa babban, a haƙa ɗan rami a bakin ruwa. Ya ce, "Na faɗa maka wanga bara waccan. Ka ce in bar shirme, gaban ma'aikata." Kofin ya ƙone mani leɓe, ban sauke ba. Da ya gama na ce ya yi yadda ya gani. Ya ce makulli fa? Na ce ya fasa kwaɗon.

Ya ce, "Ba ni fasa kwaɗonka, Yaya." Ya kashe.

Na dubi Waizaro na ce kin gani. Ta ce ta gani, kuma ba ta san abin da zai yi ba, ita ba mai duba ba ce. Ta ce shekara da shekaru ba su gyaruwa da waya ɗaya. Mun ƙara zama washegari, munka bi aikin ɗaya bayan ɗaya, wanne ne nawa na gaskiya, wanne na riƙe don tsoro kawai. Nawa ba su fi uku ba. Munka yi alkawarin waya duk wata, in gaya mata abin da na saki da abin da na ƙwace. Na biya ta haƙƙinta, don sana'a ce ba sadaka ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

A cin abincin sallama Haji Nuru bai ƙara gwada ni ba. Ni na ce masa, "Haji, ina lomar nan tawa?" Ya naɗo wadda ta fi ta farko, da barkono a ciki, ina jin da gangan. Na buɗe baki. Hawaye sunka zubo mani, matarsa tana dariya daga ƙofar ɗaki. Abu ne mai wuya mutum ya buɗe baki ya jira hannun wani. Ban mutu ba dai.

Komawa ba ni da abin faɗa a kanta, don ban ga hanya ba, hankalina yana gona. Ban kira ba, ina tsoron abin da zan ji. Daga tasha ban shiga gida ba, na wuce bakin kogi da jakata. Tun daga nesa na ji inji biyu suna aiki tare, ƙarami a ƙasa, babba a sama. Ayabar ƙarshen layi ta yi rawaya, wajen gonar wani dattijo maƙwabcinmu, kuma ya zo ya faɗa mani maganar da na cancanta. Sauran ta tsira.

Mahzan kuwa a buɗe yake, ba ƙofa. Ƙyaurensa na ƙarfe guda biyu an zare su daga jikin bango, an jingine su a gindin darbejiya, suna haɗe da juna, kwaɗona yana tsakiya a kulle yadda na bar shi.

Sanda ya hauro daga bakin ruwa, taɓo har gwiwa. Ya ce, "Sannu da hanya, Yaya. Ga kwaɗonka nan, ba a taɓa shi ba."

Ma'aikata sun tsaya suna jiran ihu. Na ga mai gadi ya fara ja da baya. Na ciro zoben na miƙa masa a gabansu duka, na ce ƙaramin injin nan dabara ce mai kyau, kuma bara waccan ni ne na yi shirme. Bai karɓa da sauri ba. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya bi su ɗaya ɗaya, ya zare guda ya mayar mani.

Ya ce, "Wanga na ɗakin matarka ne."

Har mai gadi sai da ya yi dariya.

Na ce, "Zinarin fa?"

Ya ce, "Ban ce na fasa ba. Mu ga bayan damina."

An sare ayaba, an kai Madani, Sanda yana nan. Ba zan ce na zama wani mutum ba. Shekaranjiya na kama kaina ina gaya wa direba hanyar da ya fi ni sani, kuma dole in faɗa wa Waizaro in wata ya cika. Masu tambaya ko tafiyar ta biya, ga amsa: na hau duwatsu na sha sanyi don wata tsohuwa ta tambaye ni abin da duk garin nan sun sani, ba wanda ya iya faɗa mani.

Matata ta ɗinke aljihun da makullan sunka huda. Har yanzu in na tashi sai na dafa shi, in ji ba komi, gabana ya faɗi. Sai in jiyo su can bakin kogi suna ƙara a aljihun Sanda, in koma in zauna.